Tarihin Shafe Aikatau Mahaɗi a Gangar Ko-da-yake ta Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da Ingilishi a babbar makaranta ya san wata irin jimla da ta yawaita a rubutun manya, wadda rabinta na farko ba shi da aikatau, amma kuma ba wanda ya isa ya ce kuskure ce. Ga misalai biyu, kowanne da ma'anarsa a ƙarƙashinsa:

(1) Though poor, the farmer fed his guests.
Ko da yake manomin talaka ne, ya ciyar da baƙinsa.

(2) However long the road, the traders will arrive.
Komai nisan hanya, fatake za su isa.

A misali na (1) ba a ga he was ba, watau babu mubtada'i, babu kuma aikatau. A misali na (2) mubtada'in yana nan, shi ne the road, aikatau is kaɗai aka rasa. Wannan aikatau, watau be da rassansa, shi muke kira aikatau mahaɗi a cikin wannan maƙala, domin aikinsa shi ne ƙulla mubtada'i da habarinsa. Ita kuwa gangar da ke amincewa da wani abu, sa'an nan babbar ganga ta zo da saɓanin abin da ake tsammani, mun kira ta gangar ko-da-yake.

Bayanin da aka saba ba ɗalibi shi ne wai an shafe aikatau ne, kuma yana nan a zuci. Manufarmu ita ce mu bi tarihin ginin nan da tarihin wannan bayani, mu nuna cewa bayanin yana da nasa asali dabam, kuma bai ƙunshi dukan gaskiyar al'amarin ba. Batun ya shafi malami kai tsaye, domin wanda ya ɗauka cewa shafewa ce kawai, to zai kasa gaya wa ɗalibinsa dalilin da ya sa ake shafewa a nan, ba a shafewa a can.

2.0 Asalin kalmomin da ke buɗe gangar

A tsohon Ingilishi, watau wanda aka yi kafin Normawa su ci Ingila a 1066, kalmar da ke buɗe wannan ganga ita ce theah, idan muka rubuta ta da haruffan yau. Gangar takan zo a cike, kuma galibi aikatau ɗinta yana ɗaukar wata siga ta musamman, wadda ake amfani da ita wajen fata ko ƙaddara abin da bai tabbata ba. Ita kalmar though ta yau ba daga theah ta fito kai tsaye ba. Aro ce daga harshen mutanen Sikandinebiya, waɗanda babbar rundunarsu ta sauka Ingila a 865, daga baya suka zauna a gabashi da arewacin ƙasar. Ana samun ta a littafin wa'azin nan mai suna Ormulum, wanda wani malamin coci, Orm, ya rubuta a yankin Lincolnshire wajen ƙarshen ƙarni na 12. A ƙarni na 14 aka manna mata all domin ƙarfafawa, aka sami although.

A wannan ƙarni na 14 ne kuma wata kalma ta bayyana wadda tarihinta ya fi na kowace ban sha'awa, watau albeit. Asalinta kalmomi uku ne, al da be da it, ma'ana ko da abin ya kasance haka. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yakan bi ta da that sa'an nan cikakkiyar ganga. A hankali kalmomin uku suka narke suka zama ɗaya, masu magana suka daina jin akwai aikatau a ciki. A Ingilishin yau kuwa, mafi yawan aikin albeit shi ne gabatar da sifa ko bayanau ba tare da aikatau ba:

(3) The rain came, albeit late.
Ruwa ya sauka, ko da yake a makare.

In aka ce an shafe aikatau a nan, sai mu tambaya, wanne? Ai be yana zaune a tsakiyar kalmar, ya daskare shekaru fiye da 600.

Iri na biyu, na misali na (2), yana da nasa tushe. Tsohon Ingilishi yakan kewaye kalmar tambaya da swa gaba da baya domin ya ba da ma'anar komai ko kowa. Daga baya aka riƙa ƙara ever, har aka sami whatever da however da whatsoever. Shi kuma no matter guntun jimla ne, daga it is no matter, watau ba kome. Ashe ke nan ita kanta kalmar da ke buɗe gangar, a nan ma, ragowar wata jimla ce da ta zube.

3.0 Zamanin da Latinanci ke mulkin alƙalami

Gajeriyar gangar ta yawaita sosai a rubutun ƙarni na 16 da na 17. Ana samun ta a wasannin Shekisfiya, kuma ta cika doguwar waƙar John Milton, Paradise Lost, ta 1667. A ƙarni na 18 ta zama ɗaya daga alamomin zube mai nauyi, irin na Samuel Johnson da na Edward Gibbon, wanda ya fitar da tarihinsa na faɗuwar daular Rum daga 1776 zuwa 1788.

Domin a fahimci wannan yawaita, wajibi ne a tuna irin karatun da marubutan suka yi. Makarantun nahawu na Ingila Latinanci suke koyarwa, kuma tun zamanin Sarki Henry na 8 aka wajabta littafi guda, wanda ake jingina wa William Lily. Yaro yakan shafe shekaru yana juya Latinanci zuwa Ingilishi, yana mayar da Ingilishi zuwa Latinanci. To, shi Latinanci yana da wata al'ada: yakan ajiye sifa, ko sifar da aka ciro daga aikatau, kusa da suna, ya bar mai karatu ya gane dangantakarsu da sauran jimla, ko dalili ce, ko lokaci, ko saɓani. In marubuci yana tsoron a ɓata, sai ya ɗora ƙaramar kalma a gaba, kamar quamvis ko quamquam ko etsi. Marubutan tarihi irin su Livy da Tacitus sun yi haka da yawa. Girkanci ma yana da kaiper mai irin wannan aiki.

Abin lura a nan shi ne, a Latinanci ba cire wani abu aka yi ba, ƙarawa aka yi. Sifar tana tsaye da ƙafarta tun farko, sai aka kawo mata alama. Ingilishi ma yana da irin wannan sifa mai zaman kanta:

(4) Tired, the boy went to bed.
Da yake yaron ya gaji, sai ya tafi ya kwanta.

(5) Though tired, the boy kept working.
Ko da yake yaron ya gaji, ya ci gaba da aiki.

Ana iya kallon (5) ta fuska biyu. Ko dai cikakkiyar ganga ce da aka rage, ko kuwa ginin (4) ne da aka ƙara wa though. Marubucin da ya tashi da Latinanci a bakinsa ba ya bukatar ya fara gina doguwar jimla a zuci kafin ya datse ta, domin samfurin yana gabansa tun yana yaro. Ba mu ce Latinanci ne ya haifi ginin ba, amma ya ba shi daraja da gindin zama a rubutu.

4.0 Inda akidar shafewa ta fito

Akidar cewa akwai kalma a ɓoye ta girmi nahawun Ingilishi. Tushenta na farko mantiƙi ne. Aristo ya nuna cewa faɗin mutum yana tafiya daidai yake da faɗin mutum mai tafiya ne, kuma malaman mantiƙi na Turai, musamman tun daga Abelard a ƙarni na 12, suka tsayar da cewa kowace magana mai ɗauke da hukunci tana da rukuni uku: abin da ake magana a kansa, abin da aka faɗa game da shi, da mahaɗin da ke tsakaninsu. In haka ne, duk inda ba a ga mahaɗi ba, tilas a ƙaddara shi.

Wanda ya mayar da wannan tunani cikakken tsari shi ne Sanctius, malami a Jami'ar Salamanka ta ƙasar Sifen, a littafinsa Minerva na 1587. A wurinsa, duk ginin Latinanci da ya saɓa wa ƙa'ida ana iya daidaita shi ta hanyar maido da kalmar da ta faɗi. Nahawun Port-Royal, wanda Arnauld da Lancelot suka fitar a Faransa a 1660, ya ɗora a kan haka, har ya ce aikatau na haƙiƙa guda ɗaya ne tak, watau mahaɗi, sauran duka shi ne aka cuɗa da sifa. Wanda ya karanci nahawun Larabci ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin hazafi da takadiri suna cikin littafin Sibawaihi tun ƙarni na 8. Sai dai akwai bambanci babba: malaman Larabci sun yarda cewa mubtada'i da habari jimla ce cikakkiya ba tare da fi'ili ba, alhali malaman Turai na wancan zamani ba su yarda da jimla marar aikatau ba.

Da aka zo rubuta nahawun Ingilishi, wanda William Bullokar ya fara a 1586, da wannan ma'auni aka auna shi. Littattafai biyu ne suka fi tasiri: na Robert Lowth na 1762, da na Lindley Murray na 1795. Murray haifaffen Amurka ne da ya zauna kusa da birnin York, ya kuma rubuta littafinsa domin wata makarantar 'yan mata da ke can, amma aka yi ta buga shi har ya game duniyar masu Ingilishi. A cikin dokokinsa na ginin jimla ya keɓe guda sukutum ga shafewa, inda ya halatta ta domin guje wa maimaici, ya kuma hana ta in za ta duhunta ma'ana. Daga nan aka sami darasin nan na feɗe jimla, inda ake sa ɗalibi ya maido da kalmomin da aka ce an ɓoye kafin ya rarraba gangunan. Littattafai irin na J. C. Nesfield, waɗanda aka shirya domin makarantun Indiya a ƙarshen ƙarni na 19, su suka kai wannan hanya ƙasashen da Ingila ta mallaka. Bayanin da ake ba ɗalibanmu jikan wannan tsari ne.

5.0 Masu ja da masu farfaɗowa

Babban wanda ya ja da akidar shi ne Otto Jespersen, mutumin Danmak. A littafinsa The Philosophy of Grammar na 1924 ya gargaɗi malaman nahawu da kada su riƙa ƙaddara shafewa sai inda ya zama dole, kuma inda babu shakka game da kalmar da za a maido. Wannan sharaɗi na biyu ya taɓa batunmu. A misali na (2), me za a maido, is ko may be ko might be? A misali na (1), shin though he was poor ne ko though he is poor? In masu maidowa uku za su kawo amsa uku, to da wuya a ce akwai wata takamaimiyar kalma da ta faɗi. Jespersen ya nuna cewa dangantakar mubtada'i da habari tana iya tsayawa ba tare da aikatau ba, kuma harsuna da yawa suna yin haka.

A ɓangaren masu gyaran alƙalami kuwa, H. W. Fowler, a ƙamusunsa na amfani da Ingilishi na 1926, ya lissafa albeit cikin tsofaffin kalmomin da marubuci ke ɗaukowa domin ado. Amma da Ernest Gowers ya sabunta littafin a 1965, sai ya tarar kalmar ta farfaɗo, ana amfani da ita a sake. Hukuncin malami dabam, abin da alƙaluma ke yi dabam.

Sai ga akidar shafewa ta dawo da sabuwar riga. Nahawun da Noam Chomsky ya assasa da littafinsa na 1957 ya bambanta ginin ƙarƙashi da ginin sarari, ya kuma ba da dokokin da ke share kalmomi a tsakaninsu. Shi da kansa ya jingina tunaninsa ga Port-Royal a 1966, kuma a 1969 Robin Lakoff ta nuna cewa silsilar ta wuce nan, ta kai ga Sanctius.

Hanya ta uku ta fito daga Landan, inda Randolph Quirk ya gudanar da aikin tattara Ingilishin da ake faɗa da wanda ake rubutawa, aikin da ya kafa tun 1959. Shi da abokan aikinsa uku, Greenbaum da Leech da Svartvik, a manyan littattafansu na 1972 da 1985, sun ba ginin suna nasa, watau ganga marar aikatau, suka jera kalmomin da ke karɓar ta. A 2002 kuma Huddleston da Pullum suka ƙara taki ɗaya, suka ce though da although ba su da bambancin aji da kalmomi irin su after da before, illa dai kowace tana da irin abin da take yarda ya biyo ta. Wannan ra'ayi ma Jespersen ya riga ya shuka shi.

6.0 Abin da shafewa ba ta bayyana ba

Akwai sharuɗɗa huɗu da ke tattare da ginin, kuma su ne ma'aunin kowane bayani. Alamar tauraro tana nuna jimlar da ba ta karɓu ba.

Na farko, ba kowace kalma ke karɓar gajeriyar ganga ba. Though da although da while da if da when suna karɓa, amma because ba ta saba karɓa ba a daidaitaccen rubutu:

(6) *Because poor, the farmer sold his goat.

In shafewa ce kawai, me ya hana ta a nan? Amma in muka bi fuska ta biyu, ta ƙari, sai amsa ta samu. Sifa mai zaman kanta, kamar a (4), da ma dalili ake fara fahimta daga gare ta, saboda haka ba ta bukatar alama. Saɓani kuwa shi ne dangantakar da mai karatu ba zai ƙaddara da kansa ba, sai an nuna masa. Binciken Bernd Kortmann na 1991 a kan irin waɗannan gine-gine ya sa saɓani a ƙololuwar dangantakokin da suka fi bukatar a bayyana su.

Na biyu, a iri na (1), mubtada'in da ba a faɗa ba dole ya zama shi ne na babbar ganga:

(7) *Though broken, the driver repaired the lorry.

Marubucin yana nufin motar ce ta lalace, amma jimlarsa ta ce direban ne ya karye.

Na uku, a iri na (1) mubtada'i da aikatau tare suke tafiya, ba a cewa though the farmer poor. A iri na (2) kuwa mubtada'i yana zama, amma sai in suna ne, ba wakilin suna ba. Ana cewa however great the danger, ba a cewa however great it.

Na huɗu ya fito ne daga wani bincike na dabam. A 1969 William Labov ya nazarci maganar samarin baƙaƙen fata na unguwar Harlem a birnin New York, waɗanda sukan ce he tall a maimakon he is tall. Ya gano cewa suna shafe mahaɗi ne a inda daidaitaccen Ingilishi ke iya taƙaita shi, kamar he's, kuma ba sa shafe shi a inda ba a taƙaitawa, kamar ƙarshen ganga. To, gurbin is a misali na (2) ƙarshen ganga ne, ba a cewa however long the road's. Watau rubutun manya yana barin mahaɗi daidai inda maganar Harlem ke riƙe shi. Wannan ya nuna abubuwa biyu ne mabambanta, kowanne da dokarsa. Ya kuma nuna cewa rashin aikatau ba shi ne ke sa a yaba wa jimla ko a kushe ta ba, tunda an kira na Gibbon fasaha, an kira na Harlem kuskure, alhali kowanne yana bin ƙa'ida.

7.0 Abin da Hausa ke nunawa

Mai koyar da ɗalibi Bahaushe yana da wata dama a nan. Hausa ba ta da aikatau mahaɗi irin na Ingilishi. Abin da take da shi a wannan gurbi shi ne dirka, watau ne da ce, wadda ba aikatau ba ce, domin ba ta ɗaukar lamirin lokaci, jinsi da adadi take bi. Duk da haka Hausa tana da ginin da ya yi daidai da misali na (2), kuma karin magana cike take da shi: komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, komai nisan dare gari zai waye. Ba Bahaushen da ke jin an cire wani abu daga komai nisan jifa, domin suna ne aka jingina ga suna, babu gurbin aikatau balle a shafe shi.

Haka kuma ko da yake 'yar'uwar albeit ce ta fuskar gini. Yake ɗin da ke cikinta ya daskare, shi ya sa muke cewa ko da yake ita ce babba, ba mu sauya shi saboda mace. Amma a nan harsunan biyu suka rabu: bayan ko da yake Hausa tana son cikakkiyar magana, sai an ce ko da yake talaka ne, ba a tsayawa a talaka. In ana son gajartawa sai a koma ga suna, a ce duk da talaucinsa. Mai fassara da ya san wannan ba zai bi Ingilishi kalma da kalma ba.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa kalmomin da ke buɗe gangar ko-da-yake sun taru ne daga wurare dabam-dabam, wata aro, wata kuma ragowar jimla. Mun ga gajeriyar gangar ta sami daraja a hannun marubutan da suka tashi da Latinanci, inda alama ake ƙarawa, ba aikatau ake cirewa ba. Mun kuma ga cewa bayanin shafewa ya zo ne daga mantiƙi, ya bi ta Salamanka da Port-Royal kafin ya shiga ajin Murray. Maido da kalmomi dabara ce mai amfani wajen fahimtar da ɗalibi ma'ana, kuma ba mu ce a yar da ita ba. Amma ba ita ce tarihin ginin ba, ba ta kuma isa ta hana ɗalibi rubuta (6) ko (7) ba. Abin da ya kamata a koya masa shi ne gini biyu ne, kowanne da kalmomin da ke buɗe shi da sharuɗɗansa, sa'an nan a fara da na biyu, tunda yana da irinsa a harshensa tun kafin ya shiga aji.